Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Nake Bitar Wasannina na Ces a Intanet

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Na daɗe ina jin wannan karin magana a aji, amma ban ga amfaninsa a aikace ba sai da wasan ces ya nemi ya raba ni da karatuna. A zangon karatun da ya wuce, nakan kwanta da waya a hannu da niyyar buga wasa ɗaya tak, sai in farga dare ya raba, na buga goma, an cinye ni a mafi yawansu. Washegari in shiga aji ina gyangyaɗi. Abin takaicin shi ne duk da yawan bugawar ban ƙaru da komai ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da na bi na gyara al'amarin, wato bitar wasannin da na riga na buga, da fatan 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar wasan za su amfana.

2.0 Taƙaitaccen Bayani Kan Wasan

Ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, asalinsa ba na Turawa ba ne. Ya samo tushe ne daga ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji, su kuma suka kai shi Turai. An kafa hukumar wasan ta duniya, FIDE, a birnin Faris a 1924. Mutum biyu ke buga shi a kan allo mai gidaje 64, kowa da 'ya'ya 16, ɗaya farare ɗaya baƙaƙe, kuma mai farare ke farawa.

Da yake ban tarar da daidaitattun sunayen 'ya'yan wasan a bakin abokan bugawata ba, ga waɗanda zan yi amfani da su. Akwai sarki, da sarauniya, da hasumiya biyu, da doki biyu, da giwa biyu, da dakaru takwas. Giwa ita ce wadda ke tafiya a karkace, kuma na bi Larabawa ne wajen kiran ta haka. Bisa al'ada, ana ƙiyasta darajar dakare da 1, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Kowane gida yana da suna: harafi daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8, kamar e4 ko f7.

Wannan suna na gidaje shi ne ya bambanta ces da darar da muka sani a gindin bishiya. A dararmu, da an kwashe 'ya'ya daga ramuka wasa ya tafi ke nan, sai abin da 'yan kallo suka riƙe a ka. A ces kuwa ana rubuta kowane taku, kuma dandali irin su Lichess, wanda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, da Chess.com, suna ajiye wa mutum duk wasan da ya buga. Ashe ina da rumbu cike da kurakuraina, ban taɓa buɗe shi ba.

3.0 Dalilin Bita

Mikhail Botvinnik, ɗan Tarayyar Sobiyat da ya zama gwarzon duniya a 1948, ya shahara da kwaɗaitar da 'yan wasa su riƙa nazarin wasanninsu, har ma su buga nazarin don wasu su yi masa suka. Daga cikin waɗanda suka zauna a makarantarsa akwai Karpov da Kasparov da Kramnik, kuma dukansu sun zama gwarazan duniya. Da na karanta haka sai na tambayi kaina: idan manya irin waɗannan ba su wuce duba kuskurensu ba, ni wane ne?

Dalilin a fili yake. Littafi yana koya wa mutum kurakuran da kowa ke yi, amma wasansa ne kaɗai ke nuna masa wanda shi yake maimaitawa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ni dai kafin in fara bita, uzurina ba ya wuce biyu: ko intanet ce ta tsinke, ko abokin karawar ya yi amfani da inji. Bitar ce ta nuna mini cewa ni ke miƙa 'ya'yana da hannuna.

4.0 Matakan da Nake Bi

4.1 Hucewa. Ba na buɗe wasan da aka cinye ni nan take, kuma ba na danna neman ramuwa. Mai fushi uzuri yake nema, ba ya neman gaskiya. Nakan ajiye waya in yi wani abu, in dawo bayan sa'a guda ko washegari.

4.2 Bita da kai kafin inji. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Nakan ɗauki littafi da biro, in bi wasan taku bayan taku, injin yana kashe. A duk inda na tsaya na yi tunani lokacin wasa, sai in rubuta abin da nake nufi da kuma abin da nake tsoro. Inji zai iya faɗa mini takun da ya fi, amma bai san abin da ke raina ba lokacin da na yi kuskuren, alhali can ne cutar take.

4.3 Gano inda wasa ya juya. Kusan kowane wasa yana da wuri ɗaya ko biyu da al'amari ya sauya. Sau da yawa ba takun da aka ci mini sarauniya ne matsalar ba, wanda na yi taku biyu ko uku kafinsa ne. Nakan sa wa wurin alama, in rubuta takun da nake ganin ya kamata in yi.

4.4 Tambayar inji. Sai yanzu nake kunna shi. Lichess na amfani da Stockfish, injin da aka fara fitarwa a 2008, wanda ƙarfinsa ya zarce na kowane ɗan'adam. Tun a 1997 ma kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Kasparov. Injin yana ba da lamba: idan ya nuna +1.0, mai farare na gaba da kimanin darajar dakare ɗaya, idan kuma da alamar ragi ce, mai baƙaƙe ke gaba. Yana kuma sa alamar ?! ga ƙaramin sakaci, ? ga kuskure, ?? ga babbar ɓarna. A matakina, ba na ɓata lokaci a kan ƙananan. Ina duba manyan ne, kuma ba na barin wuri sai na iya bayyana dalilin takun injin da Hausa, a jimla ɗaya. Idan na kasa, to ban gane ba, na dai kalla ne kawai.

4.5 Rarraba kurakurai. A bayan littafina na ja layuka huɗu: barin ɗa ba mai tsaro, rashin duba barazanar abokin karawa, kwaɗayi, da ƙarewar lokaci. Kowane kuskure sai in sa shi a layinsa.

4.6 Darasi ɗaya. Daga kowane wasa jimla ɗaya nake fitarwa, wadda zan iya tunawa a wasa na gaba.

5.0 Misalai Biyu Daga Littafina

Ina roƙon mai karatu ya jera allo a gabansa ya bi ni. A wasan farko ni ne mai baƙaƙe. Ya tura dakare e4, na tura e5. Ya fito da doki f3, na tura dakare d6. Ya kai giwa c4, na kai tawa g4, ina murna na ɗaure dokinsa, domin in ya gusa zan ci sarauniyarsa. Ya fito da ɗaya dokin c3, na tura dakare g6. Kwatsam sai ya ɗauki dokin da nake ganin a ɗaure yake ya ci dakarena na e5. Ban yi ko daƙiƙa uku ba na cinye sarauniyarsa a d1. Sai giwarsa ta ci f7 ta tsare sarkina, dole na matsa e7, dokinsa na c3 ya sauka d5, wasa ya ƙare a taku na bakwai.

Da na zauna bita, na ga da na ci dokin da dakarena na d6, shi kuma ya ci giwata da sarauniya, asarata dakare ɗaya ce kawai, wasa na nan da ransa. Daga baya na gano cewa tarkon tsoho ne, ana jingina shi ga Légal, wani Bafaranshe na ƙarni na 18 wanda ya koyar da Philidor. Abin da na rubuta a littafi shi ne: kwaɗayi mabuɗin wahala, in aka ba ka sarauniya kyauta, duba sarkinka tukuna.

Misali na biyu ya fi ba ni kunya, domin sau uku aka yi mini shi a mako guda. Bayan e4 da e5, doki f3 da doki c6, giwa c4 da doki f6, sai mai farare ya kai dokinsa g5, shi da giwa su auna gidan f7. Nakan tare da dakare d5, ya ci, ni kuma in rama da dokina na f6. Nan take dokinsa ya faɗa f7, yana barazana ga sarauniyata da hasumiyata a lokaci guda. In ci shi da sarki, sarauniyarsa ta fito f3 ta tsare ni, sarkina ya koma yawo a tsakiyar fili. Bita ta nuna mini abu biyu. Na farko, a farkon wasa sarki kaɗai ke tsaron f7, don haka nan ne ƙofar da ɓarawo ke fara taɓawa. Na biyu, maimakon ramuwar gaggawa, sai in kai dokina na c6 zuwa a5 in kori giwarsa. Zan bar masa dakare ɗaya, amma 'ya'yana za su sami filin motsi. Da ban rubuta wasannin uku a shafi ɗaya ba, da ban gane cewa rami guda nake ta faɗawa ba.

6.0 Abin da Littafin Ya Nuna Mini

Bayan na yi bitar wasanni 20 da aka cinye ni, sai na ƙirga layukan nan huɗu. Na ɗauka rashin sanin dabarun buɗe wasa ne matsalata, har ina ta haddace su. Ashe layin da ya fi cika shi ne na rashin duba barazanar abokin karawa. Ina ta shirin abin da zan yi masa, na manta shi ma da nasa shirin. Saboda haka na ɗora wa kaina tambaya ɗaya kafin kowane taku: me takunsa na ƙarshe yake nufi, kuma me zai iya ci ko ya tsare in na yi wannan?

Na kuma lura cewa mafi munin kurakuraina a wasannin mintuna 3 suke, musamman na bayan tsakar dare. Sauri ya haifi nawa. Na koma buga na mintuna 15, wasa biyu a rana, kuma ba na fara sabo sai na yi bitar na baya. Har wanda na ci nakan duba, domin sau da yawa inji kan nuna cewa ni aka kusa cinyewa, abokin karawa ne bai gani ba.

7.0 Kammalawa

Ces na ƙara karɓuwa a ƙasar nan. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a Legas a 2018, ya ja hankalin duniya a watan Afrilu na 2024 da ya shafe sa'o'i 60 yana buga wasan a dandalin Times Square na birnin New York. Ni dai har yanzu ɗan koyo ne, ana cinye ni, amma yanzu ina sanin dalili, kuma barcina ya dawo.

Wani abin da ban zata ba shi ne tasirin wannan ɗabi'a a karatuna. A da, in malam ya dawo mana da takardar gwaji, maki kawai nake dubawa in cusa ta a jaka. Yanzu nakan bi jan biron layi-layi. Ta haka na gano cewa a darasin ƙa'idojin rubutu kuskure ɗaya ke ta cin makina, wato haɗa kalmomin da ya kamata a raba, irin su rubuta “yace” a maimakon “ya ce”. Shawarata ga ɗan'uwa ɗalibi ita ce ya sami littafi ɗaya, ya buɗe wasan ƙarshe da aka cinye shi, ya bi shi da biro kafin ya kunna inji. In ya gama, ya ciro takardar gwajinsa ta ƙarshe ya yi mata haka. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.