Darasin Jinsi a Bakin Tafkin Legas

A watan Janairu, mu goma sha ɗaya daga ajin Hausa muka bi wasu masu sha'awar kallon tsuntsaye zuwa gaɓar tafkin Legas, ta wajen Akoka. Mai karatu ya lura, wannan ba irin tafkin da Bahaushe ya saba da shi ba ne. Yana haɗe da teku. Da rani ruwansa yakan yi gishiri, da damina kuma kogin Ogun ya rage masa gishirin. Ruwan yakan cika ya kuma janye, idan ya janye sai ya bar laka, a nan tsuntsaye suke kiwo. Daga Oktoba zuwa Maris har da baƙi daga Turai ake gani.

Mun isa da sassafe, madubin hangen nesa biyu kacal gare mu, muna karɓa-karɓa. Sharaɗin masu kallon shi ne a yi magana ƙasa-ƙasa. Namu sharaɗin kuwa, duk wanda ya hango tsuntsu ya faɗi sunansa da Hausa tare da dirkarsa, wato "ne" ko "ce".

Da farko abin ya zo da sauƙi. An koya mana cewa sunan da ya ƙare da wasalin "a" yawanci tamata ne, saura kuwa namiji. Farar nan mai bin shanu, balbela ce. Dogon nan mai ruwan toka da ya ƙame cikin ruwa yana dakon kifi, zalɓe ne. Mai shawagi a sama da wutsiya mai gwafa, shirwa ce.

Can sai ga wani baƙi mai farin ƙirji ya sauka a kan juji. Na yi caraf na ce, "Hankaka ce!" Wani abokinmu haifaffen Agege, wanda Hausa ya tsotsa a nono, ya kasa riƙe dariya, har zalɓen ya tashi, masu kallo suka harare mu. Ashe hankaka namiji ne duk da wasalin "a". Hankaka ne, hankakan ya tashi, ba "hankakar ta tashi" ba. A jarrabawa irin wannan kuskure maki yake ci, domin yakan ɓata dirka da madanganci da wakilin suna gaba ɗaya.

Akwai kuma kishiyarsa. Ungulu ta ƙare da "u" amma tamata ce, shi ya sa ake cewa ungulu ba ki jewar banza. Ita dai ba mu gan ta ba. Tun 2015 aka sa irin wadda ke zama cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, kada a haddace suna shi kaɗai, a haddace shi da dirkarsa. Ga aiki kafin fitowa ta gaba: a sa wa shamuwa da kurciya da mujiya da gauraka dirka da madanganci. Ɗaya daga cikinsu tarko ne.