Darasi: Inda Za A Kai Injin Tsohuwar Mota

Wannan darasi domin hakimai ne da malamansu, waɗanda amanar motar gunduma ke hannunsu. Mota guda ita ce ta rangadi, ita ce kuma ta kai majinyaci asibiti da tsakar dare. In injinta ya gaji aka kai shi inda bai kamata ba, kuɗin jama'a ya salwanta, motar kuma ta zauna. Abin da za a riƙe shi ne: a auna kafin a yanka, gama ƙarfen da aka yanke ba ya komawa.

1. Alamun gajiya. Injin da ya gaji yakan yi shuɗin hayaƙi, ya sha baƙin mai, ya rasa ƙarfi a hawa, a kuma ji ƙwanƙwasa daga cikinsa. Amma kada a yi gaggawar sauke shi. Bakanike ya fara gwada ƙarfin matsin kowace silinda, domin wani lokaci bawul ne ko gasket kaɗai ya lalace, gyaransu kuwa ba ya bukatar a warware inji duka.

2. Aikin wa ne? Bakanike shi ke sauke inji, ya warware, ya mayar. Yankan ƙarfe kuwa aikin wata ma'aikata ce dabam, mai injunan faɗaɗa ramin silinda, da wasa karanshaf, da daidaita fuskar kan inji. Sau da yawa bakanike shi ke kai kayan can. Lalle ne malamin hakimi ya bi shi, ya ga wurin da idonsa.

3. Sanin irin inji. Injin fetur na Land Rover mai lita 2.25, wanda ya fito a 1958, ramukan silindarsa a jikin bulok suke, saboda haka faɗaɗa su ake yi, a sa fistan mafi girma. Amma Peugeot 504 mai fetur, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna bayan buɗe ma'aikatar Peugeot a 1975, silindarta kamar riga ce, zare ta ake yi a sa sabuwa tare da fistan ɗinta. Wanda bai san wannan bambanci ba, ba a ba shi inji.

4. Shaidar wuri nagari. Na fari, ma'auni. A ce su nuna maikuromita, su auna kowace silinda sama da ƙasa, da kowane wuyan karanshaf, su rubuta lambobin a takarda. Mai duban ƙarfe da ido, ko shafa shi da yatsa, ya faɗi kuɗi, a rabu da shi. Na biyu, tsabta, domin rairayi kaɗan in ya maƙale a hanyar mai ya isa ya cinye sabon aiki. Na uku, shaidar direbobi. A je tasha a tambayi waɗanda aka yi wa aiki shekara guda ko biyu da suka wuce, ba na jiya ba.

5. Matakan yanka. Bisa ga al'ada ana yanka ne mataki mataki: milimita 0.25, da 0.50, da 0.75, da 1.00. Mai gaskiya yakan tsaya a mataki mafi ƙanƙanta da zai kawar da zaizayar, domin ya bar wa injin sauran kwana. In silinda ta kai matakin ƙarshe, sai a dasa mata riga, ko a nemi wani bulok.

6. Sayen kaya. Kada a sayi kome sai an gama awo. Sa'an nan a nemi fistan da ringi da metal na wannan mataki, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko a Panteka a Kaduna, ko inda ya fi kusa. A danƙa wa ma'aikatar fistan ɗin kafin su soma yanka, domin a kansa za su daidaita ramin. In an riga an yanka, sa'an nan aka rasa fistan na wannan girma, an yi aikin banza.

7. Aikin malami. Ya rubuta lambar inji kafin ya bar gunduma, gama tana cikin takardun mota, kuma ita za ta hana musanya. Ya rubuta kayan da aka kai, da aikin da aka shirya, da kuɗin, da ranar karɓa, kowa ya sa hannu. Ya karɓi rasiɗi, a kuma mayar masa da tsofaffin kayan da aka cire.

8. Bayan gyara. A wanke lagireto, a sa sabon mai da matata. Direba ya tafi a hankali, ba gudu, ba kaya mai nauyi, har wajen kilomita 1,000, sa'an nan a juye man. Hakimi ya tsawata masa a kan wannan.

Tambayoyi
(a) Don me ake auna inji kafin a sayi kaya?
(b) Ina bambancin injin Land Rover da na 504?
(c) Waɗanne abubuwa malami zai rubuta?