Masanin teku a kan raƙumi

A Gure babu teku, sai tuddan rairayi da tabkunan damina. Amma akwai wani masanin halittun teku da aikinsa ya iso har Nijar. Sunansa Théodore Monod. An haife shi a Faransa a 1902.

A 1922 aka aike shi gaɓar tekun Muritaniya don ya binciki kifaye da aikin masunta. Da ya gama, sai ya hau raƙumi, ya bi ayari zuwa Senegal. Tun daga nan hamada ta shiga ransa. Ko tsiro, ko dutse, ko ƙashi ya tsinta, sai ya sa masa lamba, ya rubuta inda ya same shi. Duk da haka bai daina nazarin kifi da ƙaguwa ba.

A 1938 ya zama shugaban cibiyar bincike ta IFAN a Dakar. Reshenta na Yamai ne ya koma IRSH, inda ake adana tsofaffin littattafan ajami. Monod ya rasu a 2000.

Tambayoyi
1. Mi ya kai Monod Muritaniya?
2. Don mi yake sa lamba ga abin da ya tsinta?