Sukarin Tsiro: Nazarin Ilimin Sarrafa Sitaci a Kalmomin Masu Kunun Zaƙi na Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Birnin Gwari, wadda ke maƙwabtaka da dajin Kamuku a yammacin jihar Kaduna, ƙasa ce ta noman dawa da gero da masara. Wannan maƙala ta dubi yadda matan yankin ke samar da zaƙi daga hatsi ba tare da sukarin rake ba, domin nuna cewa Hausa tana da kalmomin bayyana abin da kimiyya ke kira maltos.

2.0 Daga Tsiro Zuwa Zaƙi

Akan jiƙa hatsi, a lulluɓe shi har ya tsira, a shanya, a niƙa. Wannan shi ne tsiro. Wajen haɗa kunu, akan dama kaso mafi yawa na ƙullu da tafasasshen ruwa ya yi kauri. Idan ya ɗan huce, sai a zuba ragowar ɗanyen ƙullun haɗe da tsiro ko garin dankali. Kafin wayewar gari kunun ya tsinke, ya yi zaƙi.

Dalili kuwa shi ne, tsiro da dankali suna ɗauke da sinadarin amilas, wanda ke datse sitaci zuwa maltos, sukari mai ƙwayar gulukos biyu. Tsananin zafi yana kashe amilas, shi ya sa ake jira ya huce. Irin wannan sinadari yana cikin yawu, don haka lomar tuwo kan yi ɗan zaƙi idan an daɗe ana tauna ta. Bafaranshe Dubrunfaut ne ya gano maltos a 1847, O'Sullivan kuma ya tabbatar da shi a 1872.

3.0 Kammalawa

Kalmomin kauri, hucewa da tsinkewa kowace tana nuni ga mataki guda na wannan aiki. Saboda haka maƙalar ke ba da shawarar a kira maltos sukarin tsiro a littattafan makaranta, domin ɗalibi ya san tsiro tun daga madafin gidansu. Sai dai sukarin kanti yana maye gurbin tsiro, fitinar ’yan bindiga kuma ta tarwatsa ƙauyuka da dama na yankin. Ya wajaba manazarta su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffi tun suna raye.