Amsoshin Tambayoyinku: Littafin da aka rubuta da Turanci namu ne?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin adabi, kuma ina ɗan taɓa rubuta gajerun labarai da Turanci. Wata ƙawata ta ce duk labarin da ɗan Afirka ya rubuta da harshen 'yan mulkin mallaka ba na Afirka ba ne. Abin ya tsaya mini a rai. Gaskiya ta faɗa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan gardama ta girme ki, ta girmi ƙawar taki. A 1962 aka yi wani taro a Jami'ar Makerere da ke Kampala, na marubutan Afirka masu rubutu da Turanci. Chinua Achebe da Wole Soyinka sun halarta, haka ma Ngugi wa Thiong'o na Kenya, yana ɗalibi a lokacin. To amma ki lura da sharaɗin taron: mai rubutu da Yarabanci ko Suwahili ko Hausa ba shi da kujera. Shekara na zagayowa sai wani ɗan Nijeriya, Obi Wali, ya rubuta a mujallar Transition cewa hanyar nan ba ta ɓillewa, adabin Afirka sai da harsunan Afirka.

Achebe bai yarda ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Nijeriya tana da ɗaruruwan harsuna. In yana son Bahaushe da Bayarabe da Tibi su ji shi lokaci guda, Turanci ne ke hannunsa. Sai dai ya ce dole a tanƙwara shi har ya ɗauki kayan Afirka. Wanda ya karanta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958, ya san ya cika alkawari: baƙaƙen na Turawa ne, amma karin magana da ladabin zancen dattawa na Ibo ne tsantsa. Ban ga yadda za a ce littafin nan na Ingila ne ba.

Amma labarin Ngugi ne ya fi taɓa ni, kuma a nan ƙawarki take da abin kamawa. Ya yi shekaru yana caccakar masu mulkin Kenya da Turanci, ba a ɗaure shi ba. A 1977 shi da Ngugi wa Mirii suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Kikuyu a ƙauyen Kamiriithu, manoma da leburori suka fito a ciki, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Kafin shekarar ta ƙare an hana wasan, an kai shi kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba. Ya shafe kusan shekara guda, kuma a can ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Kikuyu, a kan takardar bayan gida. Ra'ayinsa bai canza ba tsakanin littattafan Turanci da wasan. Masu saurare ne suka canza. Da talaka ya fara ji, sai gwamnati ta tsorata.

Don haka ni a ganina ƙawarki ta ɗora tambayar a inda ba wurinta ba. Harshe kaɗai ba ya cire littafi daga Afirka. Abin da yake yi shi ne ya zaɓa wa marubuci waɗanda za su ji shi, ya rufe ƙofa ga sauran. Wannan kuwa asara ce ta gaske, kada kowa ya raina ta.

Mu Hausawa muna da sa'ar da ba kowa ke da ita ba. Tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa muke da ƙagaggun labarai a boko, ga kuma rubutun ajami da ya riga su da nisa. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Hausa, matan aure suka karanta a ɗakunansu, sai a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Abubakar Adam Ibrahim kuwa da Turanci ya rubuta Season of Crimson Blossoms, ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, kuma rayuwar Arewa ce a cikinsa daga farko har ƙarshe.

Kada ki ajiye alƙalaminki saboda maganar ƙawarki. Amma ki gwada wani abu: ɗauki labari ɗaya daga cikin naki ki sake rubuta shi da Hausa, ba fassara ba, sabo fil, ki karanta wa mahaifiyarki ko gwaggonki bayan sallar isha. Ki lura da inda suka yi dariya da inda suka katse ki suka ce ba haka ake faɗa ba. Sannan ki aiko mana mu gani.