Yadda ake rubutu da haske cikin zaren gilashi

'Yan uwa, idan ɗayanmu ya kira gida ta WhatsApp daga nan Ingila, galibi muryarsa takan ratsa ƙarƙashin teku ne a matsayin haske, cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai. Ilimin sarrafa wannan haske shi ake kira fotoniks, kuma ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinsa a Birtaniya tana Jami'ar Aston da ke Birmingham.

Farfesa Ian Bennion ne ya kafa rukunin binciken a 1991, bayan ya shafe shekaru a ɗakunan binciken kamfanin Plessey. Ya zo jami'a da idon wanda ya san abin da masana'antu ke nema, abin da ɗalibanmu kan raina idan suna ɗokin digiri na uku.

Aikin da rukunin ya yi fice a kansa shi ne zana layuka a cikin zaren. Tun 1978 Ken Hill ya gano a Kanada cewa haske mai ƙarfi yana sauya yanayin gilashin, ya bar tabo na dindindin. A 1989 wasu masana a Amurka suka nuna cewa ana iya yin zanen daga gefen zaren da hasken ultrabayolet. Layukan ƙanana ne ƙwarai, kusan 2,000 a milimita ɗaya. Idan haske ya iso gare su, launi ɗaya tak suke mayarwa baya, sauran su wuce. Da zarar zaren ya miƙe ko ya ɗau zafi, sai tazarar layukan ta canza, launin da ke dawowa ma ya canza. Da haka injiniya yakan manna zaren a jikin gada ko fiffiken jirgin sama, ko ya zura shi cikin rijiyar mai, ya ga alamar rauni tun kafin ƙarfe ya tsage.

A Manchester kuwa, haske ido ya zama. Andre Geim da Konstantin Novoselov sun ɓare sinadarin bakin fensir da salatif har suka samu girafin a 2004, fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce. Sun iya hango shi a madubin ƙara girma ne domin sun ɗora shi kan silikon mai rufin da kaurinsa nanomita 300 ne, wanda ke sa fallen ya ɗan bambanta da launin kewayensa. Sun karɓi kyautar Nobel a 2010.

Mai sha'awar wannan fage ya riƙi lissafi da fiziks da kyau, ya kuma shirya wa ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi layin da ake zanawa girma. Akan rufe jiki daga kai har ƙafa, mai gemu ma sai ya sa wa gemunsa mayafi kafin ya shiga.