Zurma a Tsakar Gida: Ado Mai Bukatar Hattara

Babu wanda bai san zurma ba, wadda wasu ke kira cika-gida. Da kanta take fitowa a bakin juji ko cikin kango, ba mai shuka, ba mai ban ruwa. Amma a Ingila da Amurka kuɗi ake sawa a sayi irinta don ƙawata lambu. A yawancin wurare can sanyi yake kashe ta duk shekara, sai an sake shukawa. A ƙasar Hausa kuwa takan yi shekaru a tsaye har ta zama ƙaramar bishiya.

Asalinta gabashin Afirka ne. An tono 'ya'yanta a kaburburan Masarawan dā, waɗanda suke kunna fitila da manta. Yau Indiya ce kan gaba wajen nomanta, musamman jihar Gujarat, a Nijeriya kuma cibiyar binciken hatsi ta Badeggi tana nazari a kanta.

Masu lambu sun fitar da iri na ado. Akwai Carmencita mai jajayen ganye da jajayen 'ya'ya, akwai Zanzibarensis mai koren ganye faffaɗa. Shukarta ba wuya: a jiƙa iri ya kwana, a binne shi zurfin gaɓar yatsa da farkon damina, a bar tazarar mita guda. Tana son rana, ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Kafin kaka ta fi mutum tsawo, ta rufe munin katanga, ta ba da inuwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Cikin ƙwayar akwai dafin da likitoci ke kira risin, wanda har yau ba a samo makarinsa ba. Da shi aka kashe Georgi Markov, marubuci ɗan Bulgeriya, a Landan cikin 1978. Ƙwayar tana da sheƙi da zane kamar ƙosasshiyar kaska, abin da ke jan idon yaro ke nan. In ya tauna, sai amai da gudawa da murɗawar ciki, 'yan ƙwayoyi kaɗan ma suna iya kisa. Awaki da kaji ba su tsira ba. Man zurman da ake sayarwa a kantin magani an tace shi. Dafin a tunkuza yake zama, saboda haka kada a ba dabba ita.

Wannan bai isa a haramta wa gida zurma ba, tunda ganyen ake so. Da zarar ta fitar da fure, maigida ya sa wuƙa ya yanke kan, domin in kwanson ya bushe fashewa yake yi, ya watsa iri ko'ina. Gidan da ke da masu rarrafe kuwa, gara a haƙura sai sun yi wayo. In yaro ya riga ya tauna, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A ɗauki ragowar ƙwayar a garzaya asibiti.